Giram Ɗari Biyu na Agushin Turawa

Mahaifiyata ba ta taɓa auna abu a shafe ba. In ta cika gwangwani sai ta yi masa tozo, ta kewaye bakinsa da tafin hannu kada tozon ya zube, ta juye, sannan ta ƙara abin da yatsu uku suka ɗauko, ta ce gyara. Ko da ita ce mai kayan, ita ce mai saye, ita ce kuma za ta ci, sai ta yi wa kanta gyara. A wurinta gwangwanin da aka shafe bakinsa awon marowata ne, kuma ta san gidajen da ake irin wannan awo a unguwarmu ɗaya bayan ɗaya, ko ruwansu ba ta sha. Da gwangwanin madara guda ta yi shekara da shekaru tana gasa kek a gidanmu na Muchia, cikin wata ƙatuwar tukunya mai yashi a gindi da garwashi a kan murfi. Duk bikin da aka yi a majami'armu babu kek ɗinta, matan zumunta sai su ce, "To, an dai taru."

Ina aji uku a jami'a, da damina, Yayana ya ce zai zo gida. Jamus ya tafi karatu tun ina sakandare. Karatu ya ƙare, aure ya biyo, haihuwa ta biyo, mu sai hotuna. 'Yarsa tana da shekara biyar a lokacin, kuma sunan Mama aka sa mata. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, sai yaren uwarta. Mama kuwa Turancinta bai wuce na waƙoƙin sujada da wanda take yi wa kwandasta in ya wuce da ita inda za ta sauka ba.

Lokacin wayar hannu ta shigo gari amma ba ta shigo gidanmu ba. Akwai wata mai lema a bakin layinmu, da tebur, da waya ɗaya ɗaure da igiya. Nan Yaya yake kira, a aiko mu zo. Ranar da ya gama gaisuwa sai ya ce wa Mama kada ranta ya ɓaci in yarinyar ta ƙi abinci, haka take ko a can, cinta sai an yi da gaske. Abu ɗaya ne ba ta mayarwa: wani kek da kakarta ta wajen uwa take yi, mai almon a sama.

"Kakarta ta can," in ji Mama, a hankali. Na san muryar nan. Ita take yi in an yabi girkin wata a gabanta. "Mene ne shi almon ɗin?"

"Kamar gyaɗa ne, Mama, amma ba gyaɗa ba ne."

"A aiko min."

Muka kamo hanyar gida har muka kai ƙofa. Ta tsaya tana kakkaɓe laka daga silifas, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ba ni da bakin da zan yi mata magana, ita ma ba ta da nawa. In ta ci abun hannuna, mun gaisa. In ta ƙi, ta zo ta ga wata tsohuwa ne kawai ta koma." Kwanaki kaɗan za su yi, kuma babu wanda ya san ranar da za su sake zuwa. Ban taɓa jin Mama tana tsoron wani mahaluki ba sai wannan 'yar da ba ta kai tsayin turmi biyu ba.

Almon ya iso ta hannun wani malamin jami'a da ya dawo daga taro. Kaya sun yi masa nauyi a filin jirgi, sai ya farke fakitocin, ya juye duka cikin baƙar leda, ya cusa a cikin takalminsa na sanyi. Haka ya miƙa mana shi, babu rubutu, babu lamba. Mama ta buɗe, muka leƙa. Yankakke ne fale-fale, fari sol, iska kaɗan sai ya tashi.

"Wannan ai agushi ne da bai ƙoshi ba," in ji ta. Daga ranar sunansa ya zama agushin Turawa.

Kira na biyu Yaya ya karanto yadda ake haɗa kek ɗin. Fulawa, sukari, bota, zuma, duk Mama tana ji tana juya su zuwa gwangwani a kanta, domin ta san su tun ba a haife shi ba. Sai ya zo kan almon.

"Giram ɗari biyu. Mama, don Allah kar ki yi awon nan naki na tozo. Mutanen nan in sun ce ɗari biyu, ɗari biyu ne. Yarinyan nan tana ganewa."

"Gwangwani nawa ke nan?"

Layi ya yanke. Mai lema ta ɗaga wayar sama tana juyawa kamar mai neman ganin wata, ba a dawo ba. Mama ta juyo kaina.

"Ke ce 'yar jami'a. Gwangwani nawa?"

Na ce Tarihi nake karanta. Ta ce to tarihin bai kai kan gwangwani ba? Na ce abu mai sauƙi ne: mu cika gwangwani ɗaya, mu kai a ɗora a sikeli, mu ga nauyinsa, sauran lissafi ne. Na ce a ɗebi gwangwani ɗaya kawai a bar sauran a gida. Ta ce ba ta haukace ba da za ta bar wa ɓerayen Muchia abin da ya hau jirgi. Ta ƙulle ledar gaba ɗaya a bakin zane, ta sa gwangwanin a jaka, muka nufi kasuwar Sabon Gari da safe.

Wurin mai kifin ƙanƙara muka fara, wata Madam 'yar kudu da Mama ta daɗe tana saye a hannunta. Mama ta cika gwangwani, ta yi tozo, ta kare da hannu. Kafin in buɗe baki in ce a shimfiɗa takarda, Madam ta karɓa ta juye a kan farantin sikelinta mai jiƙe da ruwan kifi. Muka zuba wa allurar ido. Ko gezau.

Madam ta daki sikelin a gefe. Allura ta yi rawa ta koma inda take.

"Mama, dis your egusi no get weight. Iska ne ki saya."

Sai dabara ta zo mata. Ta ce sikelinta ba ya farkawa sai ya ji abu mai nauyi, don haka za a auna kifi shi kaɗai, sannan a auna shi da agushin, a cire. Ta kwashe almon, ta ɗora wani ƙaton kifi, ta karanta. Ana haka mai saye ya zo, ta sallame shi, wani ya zo, ta sallame shi, kifin yana zaune a rana yana narkewa yana ɗiga. Da ta dawo ta zuba almon a kansa ta sake karantawa, sai allura ta nuna ƙasa da na farko.

Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "E don minus." Wato bisa ga lissafinta, gwangwani ɗaya na almon bai ma kai babu ba, in ka zuba shi a kan kaya, kayan ne za su rage nauyi.

Ni na cika na batse ina tsince almon daga cikin kunnen kifi, sai na ji Mama tana cewa, "Madam, ɗanɗana mana." Na ɗaga kai na ga ta buɗe ledar ta miƙa. Haka aka rene ta: ba a nuna wa mutum abin ci a mayar jaka, balle wanda ya bar sana'arsa ya yi maka wahala. Madam ta ɗiba. Mai tattasai ta kusa da ita ta leƙo, aka ce bismillah. Mai manja ta leƙo. Mahaucin da ke fuskantarsu ya ce a kawo kan nasa sikelin, ai nasa ba ya barci. Aka ɗora masa gwangwani ɗaya, babban yatsansa ya bi faranti don sabo, ya ce, "Rabin kilo, har da ɗoriya." Mama ta ji daɗin wannan amsar ƙwarai, ta ce ga mutum mai albarka a hannu. Shi ma ya ɗiba, irin ɗibar mahauta.

"Mama, ƙarewa fa yake yi," na ce da muka fito.

"Ɗan abun da suka taɓa? Ke dai kin ɗauko rowan dangin ubanki."

Yanzu muna da amsa biyu, ɗaya ƙasa da babu, ɗaya rabin kilo. Mama ta ce a gwada wurin masu ilimin abin. Akwai wata nas a cikin matan zumunta da take aiki a wani ƙaramin asibiti wajen Unguwar Gabas, kuma ranar ranar awon jarirai ce. Mama ta ce sikelin da yake gane jariri ya rame ko ya ƙaru ba zai kasa gane agushi ba.

Mai gadin ƙofa ya ce ba a ganin Sista sai an bi layi. Mama ba ta yi gardama ba. Ta zauna a benci tsakanin masu jego, kowace da ɗanta a cinya, ita da baƙar leda. Aka yi musu lacca kan tafasa ruwa, ta saurara tana gyaɗa kai. Aka ce a tashi a yi waƙar shayarwa ana tafi, ta tashi ta yi, muryarta ta fi ta kowa, ledar tana rungume a ƙirjinta. Ni na maƙale a bayan ginshiƙi ina roƙon Ubangiji kada wani ɗan ajinmu ya wuce.

Da layi ya zo kanta Sista ta ce, "A'a, Mama, ina jikan?" Mama ta yi bayani. Sista ba ta yi dariya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Sikelin irin na ratayewa ne, mai ɗan wandon roba da ake zura jariri a ciki. Aka juye gwangwani ɗaya a wata ƙaramar leda, Sista ta zura ta a cikin wandon, ta gyara mata zama, ta ja baya tana kallon allura. Allura ta ɗan motsa kamar wadda aka taɓa cikin barci.

Sista ta taɓe baki. "Gaskiya bai kai nauyin da ake so ba. Ana ba shi waken soya kuwa?" Sai ta tuna abin da ke cikin wandon, ta rufe baki da hannu.

"Ɗanɗana mana, Sista," in ji Mama.

Sista ta tauna, ta ce ai irin wannan yana gina jiki. Iyakar abin da ta ce ke nan, ina tsaye na ji da kunnena. Amma kafin maganar ta kai benci na uku ta zama yana kawo ruwan nono, kafin ta kai na baya ta zama daga Jamus aka aiko shi musamman don masu jego. Na ga ledar tana tafiya hannu zuwa hannu kamar farantin baiko a majami'a. Na tsallake ƙafafu da jakunkuna na fizge ta daga hannun wata mai tagwaye, ta bi ni da wani kallo da har yau in na tuna nakan ji sanyi. A waje Mama ta ce na kunyata ta a gaban jarirai.

Na ce ya isa. Na ce mu tafi Samaru, inda ake da sikelin da yake auna ko gashin ido. Muka hau bas, ruwa ya tsuge tun daga Kwangila, muka wuce Hanwa ana yayyafi ta tagar da ba ta rufuwa. Mama ta cusa ledar cikin riga ta duƙa a kanta.

Wata ƙawata da take karatun noma ta kai mu ɗakin gwaje-gwajen sashensu. Mai kula da ɗakin wani dattijo ne mai farar riga har gwiwa, wanda yake tafiya a hankali kamar kada ya tashi kwalabe daga barci. Ya nuna mana sikelin. Yana cikin akwatin gilashi, da 'yar ƙofa, da lambobi masu haske. Sai dai ba haske, domin an ɗauke wuta. Muka zauna jira. Mama ta tambaye shi lafiyar iyali, ta tambayi garinsu, kafin wuta ta dawo sun gano kakarsa da gwaggon Mama sun taɓa zama layi ɗaya.

Wuta ta dawo. Ya ce kowa ya daina numfashi da ƙarfi. Mama ta cika gwangwani, ta yi tozo, ta kare da hannu. Dattijon ya ɗauko rula zai shafe bakin.

Mama ta janye gwangwanin. "Malam, me za ka yi?"

"Sai an shafe, Mama. In ba haka ba awon ba zai tsaya ba."

"Wa jikata? A shafe? Ko baƙon da ban sani ba ban taɓa auna mishi a shafe ba."

Aka yi sulhu: za a auna iri biyu. A shafe ya ba da giram sittin da 'yan kai. Da tozon Mama da hannunta ya kusa casa'in. Na ce alhamdu, ga lamba. Dattijon ya ce a kimiyya ba a yarda da awo ɗaya, sai an maimaita. Aka maimaita, lambar ta canza. Aka sake, ta sake canzawa. Ya girgiza gwangwanin, almon ya kwanta, wuri ya samu, aka ƙara, ta haura saba'in a shafe. Abin nan ba ya zama iri ɗaya sau biyu. Yadda ya ga dama yake kwanciya, wani a tsaye, wani a karkace, rabin gwangwanin iska ce.

Wani Dokta da ya shigo neman makulli ya tsaya kallo. Ya ce laima ce, damina ce, ya kamata a busar da shi tukuna. Wani Farfesa ya leƙo neman Doktan, ya ce ba laima ba ce, gwangwanin ne ya lotsa a gefe. Aka aika a kira wani daga sashen lissafi. Ɗalibai suka cika ƙofa.

"Sir, ni a ganina error ɗin daga hannun Mama yake," in ji wata mai tabarau.

"Hannun uwarki," in ji Mama, cikin natsuwa. Farfesa ya ce a rubuta cewa hannu ma abin lura ne.

Aka hau allo da alli. Aka yi ta cikawa ana juyewa, kuma duk juyi sai almon ya ƙara karyewa, in ya karye ya ƙara kwanciya, in ya kwanta lambar ta ƙara hawa. Na sashen lissafi ya ce in aka ci gaba a haka, zuwa yamma gwangwani ɗaya zai cim ma amsar mahauci. A tsakanin awo da awo kuwa ina jin muryar Mama: "Dokta, ɗanɗana mana. Farfesa, bismillah. 'Yan mata, ku matso." Farfesa ya ce yana jin ɗan ƙarni kamar na kifi, wataƙila daga bakin teku ake noma shi. Ya ƙara ɗiba don ya tabbatar.

Nan kaina ya yi zafi. Ban san lokacin da na daka tsawa ba.

"Wai me ya kawo gwangwani cikin maganan nan? Ga sikeli! A zuba har ya kai ɗari biyu, mu ƙulle mu tafi gida!"

Tun safe muke yawo da tambayar gwangwani nawa, mun ɗora wa kasuwa, mun ɗora wa asibiti, mun ɗora wa jami'a, kowa ya karɓa yadda muka kawo ta, babu wanda ya ce a ajiye gwangwanin. Farfesa ya yi gyaran murya ya ce wannan ma hanya ce.

Dattijon ya ɗora faranti. Mama ta fara zubawa daga ledar. Lambobi suna hawa. Ɗari. Ɗari da ashirin. Ta ɗaga gindin ledar, ta karkaɗe, ta juya ta ciki waje ta kakkaɓe garin da ya maƙale. Lambar ta tsaya a ɗari da arba'in da wani abu, ta ƙi gaba.

Dokta yana da guda ɗaya a tsakanin yatsu, ya mayar a hankali. Lambar ƙarshe ta ɗan motsa.

Na buɗe baki zan wanke su duka, daga Farfesa har mai tabarau, sai na ga fuskar Mama. Ta zauna a kan doguwar kujerar ɗakin, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa, ledar wofi a hannunta. Duk fushina ya zube, tausayi ya kama ni. Na sashen lissafi ya ce ba matsala, a rage fulawa da sukari daidai gwargwado a yi ƙaramin kek. Mama ta dube shi kamar ya ce a rage wa yarinyar ƙafa ɗaya. Ta yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle abin da ya rage, muka fita.

Muna cikin bas, mun kusa sauka, Mama ta yi magana. "Da na hana su," ta ce, "da na zama wace iri?" Ba ni take tambaya ba.

Washegari ta shanya almon a faifai don ƙarnin ya fita, ta zauna kusa da shi da sanda tana korar kaji, in hadari ya taso ta kwashe, in ya wuce ta mayar. Sannan ta jiƙa gyaɗa, ta murje ɓawon, ta miƙo min reza. Muka zauna a tsakar gida muna yanka gyaɗa fale-fale, ɗaya ɗaya, don ta yi kama da agushin Turawa ta cike giɓin. Gyaɗa ba ta son wannan wulaƙanci, tana ta rabewa biyu tana tsalle. Na yanke yatsa, Mama ta ce in matsa kada in ɓata mata launi.

Ranar da za su iso ta gasa. Ta narka bota da sukari da zuma, ta juye almon da gyaɗar ciki, ta shimfiɗa a kan kek ɗin, ta rufe tukunya ta jera garwashi. Ta hana kowa tafiya da ƙarfi a tsakar gida. Da ta buɗe, ya fito ja-ja-jawur yana ƙyalli, ƙamshi har bakin layi. Ban taɓa ganin ta yi mai kyansa ba.

Sun iso da la'asar. Yaya ya yi ƙiba, ya yi furfura a gefe. Matarsa doguwa ce, ta durƙusa har ƙasa ta ce "sannu da gida" yadda aka koya mata, Mama ta ɗaga ta ta rungume. Yarinyar kuwa ta shige bayan ƙafar ubanta ta ƙanƙame wandonsa. Mama ta miƙa hannu biyu ta ce, "Takwara, zo mana." Yarinyar ta ƙara shigewa. Mama ta mayar da hannuwan ta goge a zane kamar dama abin da ta yi niyya ke nan.

Aka zauna a falo, maƙwabta cike da ƙofa. Mama ta yanko kek, ta sa a farantin da ba a fitowa da shi sai Kirsimeti, ta ajiye a kan ƙaramin tebur gaban yarinyar, ta koma can gefe ta zauna a kujerarta.

Yarinyar ta kalli kek ɗin. Ta sa yatsa biyu ta cire almon ɗaya ta ajiye a bakin faranti. Ta cire wani. Ta ci karo da gyaɗa, ta ɗaga ta, ta juya, ta shinshina, ta ajiye ta daban. Haka ta yi ta yi, fuska a murtuke kamar mai tsintar shinkafa, almon gefe guda, gyaɗa gefe guda, ba ta kai ko ɗaya baki ba. Na saci kallon Mama. Tana murmushi wa maƙwabta, amma hannunta yana murɗa bakin zane. Na ji kamar in ɗauke farantin in jefar da shi ta taga.

Matar Yaya ta faɗi wata magana tana dariya. Mama ta ce, "Me ta ce?"

Yaya ya sosa ƙeya. "Wai haka take yi kullum. Ba ta cin almon. Na ƙasan take so."

"Ba ta cin me?" na ce.

"Na manta ne wallahi. Ni dai na san kek ɗin mai almon ne."

Da ba don baƙi ba, da na kife masa sauran a kai. Na fara lissafo masa kifi da wandon jarirai da reza, murya tana hawa, sai Mama ta ce, "Ke, yi shiru." Idonta yana kan yarinyar.

Yarinyar ta gama tsiraita kek ɗin. Ta ɗauka da hannu biyu ta gatsa. Ta tauna, ta sake gatsa, ta cinye tas, ta lashe yatsu. Maƙwabta suka ɗauki guɗa daga ƙofa. Mama ta sauke wani numfashi da na tabbata tun Samaru take riƙe da shi.

Yarinyar ba ta kula kowa ba. Ta tattara almon da gyaɗar cikin tafin hannunta, suna danƙo da zuma, ta tsaya tana waige-waige. Ta tambayi ubanta wani abu da yarensu. Ya ce mana, da wata murya da ba irin tasa ba, "A can, in ta cire, kakarta take ba. Ita take cinye mata. Tana tambaya a nan wa za ta ba."

Bai jira amsa ba. Ya nuna mata Mama, ya faɗi kalma ɗaya.

Yarinyar ta dubi Mama daga ɗankwali har silifas. Ta tako a hankali, hannu a dunƙule, ta ratsa falon ta tsaya a gabanta. Mama ta buɗe tafin hannu. Yarinyar ta girgiza kai, ta buɗe nata bakin ta ce, "Aaa."

Mama ta buɗe baki. Aka sa mata ɗaya. Turamen haƙoranta sun daɗe da zubewa, da na gaba take tauna, a hankali, hawaye yana bin kumatunta yana shiga gefen baki, ba ta share ba. Ni ma kuka nake, ban ɓoye ba. Matar limamin majami'armu ta shigo tana sallama tana barka da baƙi, Mama ta ɗaga mata hannu alamar ta dakata, domin bakinta ba nata ba ne yanzu.

Da Mama ta haɗiye, yarinyar ta kama haɓarta ta leƙa ciki don ta tabbatar. Ta ga kujerar ta yi mata tsayi, sai ta dafa gwiwar Mama ta hau cinyarta, ta gyara zama, ta zaɓo na biyu.